Don Nicasio da Madubi Mai Lamba Tara

Ranar Talata, shida ga Oktoba, 1998, na fara ganin Don Nicasio Painefil. Ni ne akawun ƙungiyar masu kiwon tumaki ta garinmu a tudun Chubut, kuma ni ke cike wa mutanen karkara takardun mallakar bindiga. Ya shigo wajen ƙarfe goma, ya cire hula. Da na miƙa masa takardar sai ya riƙe ta nesa, iyakar tsawon hannunsa, ya jima yana kallo, sannan ya ajiye.

"Rubutun naku na yanzu kamar kashin ƙuda," in ji shi. "Karanta mini, akawu."

Shekarunsa sittin da uku. Talatin da ɗaya daga ciki ya yi su a bukka ɗaya a gandun kiwo na La Porfía, shi da tumaki dubu biyu da karnuka uku. Zakin dutse goma sha tara ya kashe da hannunsa. Amma a shekarar nan wani zaki ya shiga garken, ya cinye 'yan raguna arba'in da ɗaya, kuma sau biyu Don Nicasio na harbinsa yana kuskure. Manajan gandun, Señor Urrutia, ya faɗa masa a gaban ma'aikata: in ranar yi wa 'yan raguna shaida ta zo, ashirin ga Nuwamba, zakin na da rai, za a kawo wani mutum bukkar. Don Nicasio ba shi da wani gida.

Ya ce laifin bindigar ne, ta tsufa. Ban musa ba. Sai da muka sha shayin mate zagaye uku ya ƙara da cewa, yana kallon taga, "Nesa ina gani ras. Ɗan ƙarfen saitin da ke kan bindigar ne ya zama hayaƙi. Wannan kuma ba na takarda ba ne." Ban rubuta ba.

Ya sayar da dokinsa na biyu peso ɗari huɗu da hamsin. Ranar Jumma'a na raka shi Esquel, shagon Doña Ermelinda, wadda ta gaji sayar da bindigogi daga mijinta. Ta ɗora biyu a kan kanta. Ɗaya sabuwa ce, ƙotarta na sheƙi, amma ita kaɗai za ta cinye kuɗin dokin. Ɗayar ta hannu ce, ƙotarta duk tabo, sai dai kuɗinta zai bar abin sayen madubin hange.

Hannunsa ya tafi kan sabuwar.

"Aure za ka yi da ita, tsoho?" in ji Doña Ermelinda. "Ƙota ba ta kashe zaki. Leƙa cikin bututun tsohuwar ka gani."

Ya ɗaga ta saitin fitila, ya leƙa, ya miƙo mini kamar mai neman shaida kawai. Cikin tas yake, ba tsatsa. Na gyaɗa kai. Madubin da kuɗin ya kai yana da zobe mai lambobi daga uku zuwa tara, na ƙara girman abin da ake hange. Ta murɗa masa zuwa tara, ya saita ta ƙofa kan wani kare da ke can ƙarshen titi.

"Har kaskar kunnensa nake gani," ya ce a hankali.

A bayan ofishinmu muka daidaita saitin, da kwali a taki ɗari. Harsashi takwas ya harba, na rubuta inda kowanne ya faɗa. Uku na ƙarshe tafin hannu zai rufe su. Sannan na karanta masa takardar da ta zo da madubin: in ana tafiya a jeji, a bar shi a kan uku, sai an ga abu daga nesa a ƙara.

"Doki na sayar na sayi tara," in ji shi. "Wa ke biyan kuɗin rago ya tafi gida da ƙafa ɗaya?"

Na sake karantawa. Ya rataya bindigarsa ya tafi.

Makonni biyar zakin bai nuna kansa a fili ba, sai dai gawa. Ranar sha bakwai ga Nuwamba, saura kwana uku, na je La Porfía don in rubuta wa ƙungiya adadin ɓarnar. Da ƙarfe bakwai na safe muka tarar da wata tunkiya a bakin rafi, an lulluɓe ta da ciyawa, jininta bai bushe ba. Tsohon karen Don Nicasio, Tizón, ya sa hanci ƙasa ya miƙa, sauran biyun na bin sa.

"Hau, akawu. Ka riƙe geza in sirdi ya ƙi ka."

Awa biyu muna bin haushinsu cikin iska, har muka kai wani kwari mai duwatsu inda doki ba ya shiga. Muka sauka. A nan na gane abin da ni da mai shago ba mu lissafa ba. Mai farauta da karnuka ba ya harbi daga taki ɗari. Karnuka ne ke rutsa zakin a lungu, mutum ya matso har ya ji warinsa.

Mun zagaya wani dutse sai ga shi. Taki goma sha biyar, a kan wani falalen dutse da bai fi tsayin mutum ba, kunnuwa a kwance, jela na kaɗawa. Karnukan na ƙasa suna haushi. Don Nicasio ya ɗaga bindiga, ya sa ido a madubi. Bakin bindigar ya yi dama, ya yi hagu, ya dawo.

"Harba," na ce.

"Ja kawai nake gani. Ban san gashi ba ne ko dutse."

"Madubin yana kan tara," na ce.

Zakin ya tattara ƙafafunsa na baya. Don Nicasio ya sauke bindigar zuwa ƙirji, ya dubi zoben, ya ɗan nesanta shi da fuskarsa kamar yadda ya yi wa takardata.

"Ba na ganin lambobin, akawu. Ina ukun?"

"Murɗa hagu har ya tsaya."

Yana murɗawa zakin ya diro. Bai nufo mu ba, hanyar fita ya nufa, Tizón kuma ya tare hanyar. Suka birgima cikin tsakuwa. Don Nicasio ya durƙusa, ya sa ido, bai harba ba. Na ƙirga har shida a zuci. Sai zakin ya ɗago kai daga kan karen don ya sake kamu, aka ji harbi ɗaya.

Ya wuce gawar zakin bai ko kalle ta ba, ya tsuguna wajen Tizón. An farke shi daga kafaɗa zuwa ciki. Ya naɗe shi a bargonsa ya ɗora a gaban sirdi, amma kafin mu kai bukka ya mutu.

Da rana Señor Urrutia ya zo ya ga fatar. "Ashe dai bindigar ce," in ji shi.

"Bindigar ce," in ji Don Nicasio. Ya dube ni. Na rubuta: zaki ɗaya, namiji, harsashi ɗaya, kare ɗaya.

Kafin in tafi na ga ya yanko siririyar fata, ya ɗaure zoben a kan uku, ya ja ƙullin da haƙori.

Ya ƙara shekara biyar a bukkar, ya kashe zaki huɗu. A 2003 gwiwoyinsa suka hana shi hawa doki, ya koma wajen 'yarsa a Trelew. Can ya rasu ranar biyu ga Yuli, 2007. Ni na cike takardar mayar da bindigar ga wanda ya gaje shi a bukkar, kuma a ranar siririyar fatar tana nan a kan zoben.