Rumbun Da Kaka Bai Buɗe Ba

Warin tsohon gero ne ya dawo mini da komai shekaranjiya.

Ina 'yar shekara tara, a ƙauyenmu kusa da Gwandu, maƙwabcinmu ya tafi ci-rani Kudu, ya bar wa kakana amanar rumbunsa. Kaka kuwa, ko tsinke ya tsinta a hanya sai ya nemi mai shi. Damina ta faɗi, mutumin bai dawo ba. Ciwo ya kwantar da shi can, mu ba mu sani ba.

A tsakiyar damina hatsinmu ya ƙare. Tafasa da rama muke ci, da ɗan gishiri. Ƙanwata da aka yaye a shekarar, ƙafafunta suka kumbura, gashinta ya yi ja. Ta daina kuka ma. Rumbun nan yana tsaye bayan dangarmu, in an yi ruwa har ƙamshin geron muke ji.

Inna ta durƙusa gaban Kaka. "Baba, dame ɗaya. In mun yi girbi mu mayar."

"Ba namu na ba, ɗiyata," in ji shi. "Mi zan ce ma Allah?"

Shi ma ba ci yake ba. Rabonsa yakan tura mana, ya koma kan buzu yana hawaye. Ƙanwata ta rasu saura kwanaki a fara yankan gero.

Da mai rumbu ya dawo ya ji labari, sai ya dafe kai. "Malam! Mi ya hana ka ɗiba? Ai ni ma ɗiyata ta!" Aka buɗe, ƙwari sun cinye rabi. Kaka, da shi ne limaminmu, bai ƙara jan salla a masallaci ba har ya mutu.

Yanzu ina aure a Kalgo. Maƙwabciyata, malamar makaranta 'yar Zuru, ta tafi hutu ta bar mini makulli, ta ce kada kowa ya shiga. Shekaranjiya da rana jikin 'yata ya yi zafi rau, maigida ba ya gari. Na san akwai maganin zazzaɓi a ɗakin malamar. Na kira, wayarta a kashe.

Na buɗe, na ɗauka, warin geronta ya buge ni. Yarinya ta samu sauƙi, alhamdu lillahi. Amma kafin in murza makullin nan na daɗe tsaye a ƙofa, 'yata tana nishi a bayana, ina jin muryar Kaka. Wannan tsayuwar ce take ba ni tsoro.