Neman Mai Kwat a Guangzhou

Litinin: Sanyuanli zuwa Huadu

Ƙarfe biyar da rabi na asuba muka bar masaukina a Sanyuanli, ni da Malam Isufu, Badamagaren da ya daɗe a Guangzhou yana aika wa 'yan kasuwa kaya, shi ne kuma tafintana. Raina a ɓace yake. Gwanjo na zo saro, kwana uku ya rage in koma Kano, amma ga ni rungume da kwat a leda ina neman wanda ban sani ba.

Cikin dilar da na kwance don dubawa na same ta: baƙar kwat ta ma'aikatan jirgin ruwan dakon kaya, tsohuwar yayi, maɓallanta ruwan zinariya. A aljihun ciki akwai 'yar takarda da ajami: "Ni Garba mai gadi a Apapa. Mai wannan takarda ya tsamo ƙanena Sani daga ruwa. Musulmin da ya gamu da shi ya kyautata masa."

Na ce, "Allah Ya saka masa. A mayar da ita dila."

"Alhaji, kai ka karanta, kai aka aika," in ji Isufu. Haka ya ɗaure ni.

Tasi ta yi kilomita arba'in da mu zuwa siton da aka ɗaure dilar. A hanya 'yan sanda suka tsayar da mu, suka yi minti ashirin suna juya fasfo ɗina. Mai siton kuwa, kafin Isufu ya dire tambaya ya amsa, "Meyo!" wato babu. Sunan mai kwat? Meyo. Inda aka ɗebo kayan? Meyo. Awa biyu muna tsaye, har wata mata mai tsince kaya ta dubi lambar dilar ta ce daga Huangpu ne, wajen tsohuwar tashar jiragen ruwa.

Talata: Huangpu

Ƙarfe bakwai muka shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, canji biyu, awa ɗaya da kwata. Sai a hanya Isufu ya lura da sunan da aka ɗinka a wuyan kwat, ya karanta: Liang. Na ce to ai an gama. A ofishin unguwa matar da ke kan tebur ta yi dariya har da dafe ciki. Ta ce a gidajen tsofaffin ma'aikatan jirgi kowane bene da Liang ɗinsa.

Benayen nan hawa tara ne, ba na'urar hawa, ga ruwan sama. Liang na farko mace ce. Na biyu ya zaci talla muke, ya maida ƙofa. Na uku ya gwada kwat ɗin ya ce ta yi masa, da ƙyar muka raba shi da ita.

Muka sauko wajen wani Musulmi mai taliyar hannu, kwano da naman sa yuwan goma sha biyar. Na ce, "Malam Isufu, gwiwoyina sun mutu. Ko dila ɗaya ban loda ba. Mu ajiye kwat ɗin a ofishin nan mu tafi."

"Ci taliyarka, Alhaji."

Bayan la'asar muka iske tsofaffi suna karta a gindin wata bishiya. Ɗayansu ya shafa zaren bakin hannun kwat ɗin ya ce, "Ta Liang mai kula da inji ce. Ya koma Panyu wurin 'yarsa." Da ma tun safe muka wuce su a nan, har sun ɗaga mana hannu.

Laraba: Panyu

Kilomita talatin da 'yan kai, direban tasi kuma ya ɓata sau biyu. Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi 'yar Liang ta buɗe mana ƙofa. Tana ganin kwat ta kama ƙugu ta hau faɗa.

"Me take cewa?"

"Ta ce ita ta jefar da ita da hannunta, wa ya sa mu?"

Na juya zan fita sai na ji an ce, "Sannu, aboki." Tsoho ne a keken guragu, ya rame ƙwarai, bututun iska a hancinsa. Bai ko dubi kwat ɗin ba, ya tura hannu aljihun ciki. Da takardar ta fito ya manna ta a ƙirji. Ya ce tun da aka fitar da kayan bai yi wa 'yarsa magana ba.

Ashe duk shekarun nan bai san abin da aka rubuta ba, ya ɗauka laya ce. Na karanta, Isufu ya fassara. Ya sa aka maimaita har sau uku. 'Yar ta shiga ta fito mana da shayi. Tsohon ya ba mu labarin yadda Sani, ɗan dako, ya zame tsakanin jirgi da gaɓa, shi kuma ya bi shi da igiya a ƙugu.

"Sani yana raye?"

Na ce, "Baba, Nijeriya fa ba ƙauye ba ce."

Ya riƙe takardarsa, ya turo mini kwat. "Kai wa Sani."

Na dubi Isufu, ya kau da kai yana kurɓar shayi. Tsohon bai saki hannuna ba sai da na karɓa.

Gida

Rabin kayan da na zo saye na bar wa Isufu ya loda. Daga filin jirgin saman Baiyun muka tashi, muka yada zango ɗaya, na sauka Kano ranar Alhamis da azahar. Na bai wa direbobin tirela masu zuwa Ikko cigiyar Sani ƙanen Garba, suka yi mini dariya, suka ce Sani nawa nake so. Biyu dai sun yi alkawarin tambaya a Apapa.

Kwat tana rataye a shagona. Jiya wani mai shirya fim ya taya ta da tsada, na buɗe baki zan sallama sai na ji na ce, "Yi haƙuri, ajiya ce."

Na gode wa Allah da Ya dawo da ni lafiya. Malam Isufu ma na gode masa, amma sai na huce zan faɗa masa.