Ciwon Gwiwar Inna

Ƙamshin kifin banda nake fara tunawa. Inna, mahaifiyar mijina, tana juya shi a kan ragar waya a tsakar gida, hayaƙin yana lallaɓowa har ƙofar ɗakina, ni kuwa ina zaune da littafi a cinya, ban karanta ko layi ɗaya ba.

Lokacin ina amarya a Gaya, ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare. Ni da maigidana mun shirya in riƙa shan ƙwayar tazarar haihuwa har in gama jarrabawa. Shi direban babbar mota ne, bai cika kwana gida ba. Ƙwayar kuwa a cikin kwanukan jerena na ɓoye ta, don kunyar Inna.

Ban daɗe da fara sha ba sai al'adata ta sauya. Abin da yake zuwa kamar ruwan tsakiyar damina ya koma yayyafi, kafin in ankara har ya ɗauke. Wata ƙawata 'yar ajinmu a lakwal ta ce jinin da bai fito ba taruwa yake a mara, ya daskare, mace ta rasa haihuwa. Na yarda da ita. In na bi ta bakin kogi na ga inda ruwa ya kwanta a bayan kwale-kwale har ya yi kore, sai in dafa marata.

Ran nan Inna ta ɗago daga kifinta.

"Ɗiyata, na ga kin shimfiɗa darduma da asuba. Har kin yi wanka?"

"E, Inna."

"Da wuri haka? To, Allah Ya karɓa. Amma fuskar nan taki, ko kifin nan ya fi ki fara'a."

Na yi dariyar dole. Ba ta ƙara tambaya ba.

Bayan 'yan kwanaki ta tashi tana ɗingishi, ta ce gwiwa ta hana ta sakat, in raka ta likita, wato asibiti. Muka tafi a hankali tana dafe da kafaɗata, tana gaisawa da masu kifi da Dendanci. Da muka isa, sai ta wuce layin masu ciwon ƙafa ta tsaya a ƙofar sajfam, ungozomar asibitin.

"Tunda mun zo, shiga ki gaishe ta. Ni bari in huta."

Sajfam ta leƙo, ta ga Inna, ta danne murmushi. Ban gane dalili ba. Da ta rufe ƙofa sai hawaye ya riga maganata. Ta bar ni na gama, ta yi mini tambayoyi, ta duba ni, sannan ta ce ƙwayar tana hana shimfiɗar mahaifa yin kauri ne, shi ya sa abin da ke zubowa yake raguwa. Babu abin da ya taru. In na ji ciwo ko jini ya yi yawa, in dawo.

Na fito kamar an sauke mini tulu daga ka. A hanyar gida Inna ta riga ni tafiya.

"Inna, gwiwar fa?"

"Iskar likita ta warkar da ita. Ɗaga ƙafa, wuta na cin kifina."

Na ci jarrabawa, na bar ƙwayar lokacin da muka ga dama, Allah Ya ba mu ɗiya mai goshin Inna. A ɗakin haihuwa ne sajfam ɗin, tana goge jaririyar, ta ba ni labari. Ashe Inna ta taɓa ganin ƙwayar ranar da ta taya ni wanke kwanuka. Kafin ta kawo ni, ta zo ita kaɗai, da furfurarta, ta zauna ta ce ita ce ke shan ƙwaya, jininta ya ragu, tana so ta ji ko za ta ƙara haihuwa. Ba ta tashi ba sai da aka maimaita mata amsar.