Takardar Neman Aikin 'Yar Fari

Shekarar da aka zuba mana sababbin kwamfutoci, shugabar makaranta ta kira ni ofis ta ce daga yanzu 'yan ajin ƙarshe sai sun iya rubuta takardar neman aiki kafin su fita. Na ce to, amma a raina dariya nake yi. Makarantar kuɗi ce a Nassarawa GRA, wani tsohon gida mai manyan bishiyoyin mangwaro da aka mayar da ɗakunansa azuzuwa, kuma yawancin yarana a mota ake kawo su, a mota ake ɗauka. Su ne za su nemi aiki?

Ranar farko kuwa, ina cewa kowa ya buɗe sabon shafi, wani ɗan gaye da ke zama kusa da taga ya ɗaga hannu.

"Malama, ai ba sai an sha wannan wahalar ba. Abba waya kawai zai buga."

"Ranar da wayar Abba ba caji fa?" na ce. "Sauke hannunka ka rubuta, kafin ni ma in buga masa."

Da Hausa nake sa su fara tsara abin da za su faɗa, sannan mu juya shi zuwa Turanci. Nan na sha kallo. Sai yaro ya cinye rabin shafi da gaisuwa: ya aiki, ya iyali, ya aka ji da zafi. Wata har da yi wa manajan da ba ta taɓa gani ba addu'ar Allah ya ƙara wa mahaifiyarsa lafiya. Ina bi ina gogewa, suna kukan ai wannan rashin tarbiyya ne, yaya za a faɗa wa babban mutum da buƙata ba a gaishe shi ba. Na ƙi nuna musu, amma sun burge ni.

A duk ajin mutum ɗaya ce ke buƙatar takardar nan da gaske. 'Yar direban wani Alhaji ce, mutanen wani ƙauye a Jigawa, suna haya a Tudun Murtala. Alhajin ne ya ɗauki nauyin karatunta tare da 'ya'yansa har ƙarshen sakandare, daga nan kuma alkawari ya cika. Mahaifinta ya riga ya yanke cewa in ta gama jarrabawa babu abin yi, za ta koma ƙauye wajen kakarta. Ita kuwa aikin jinya take so ta karanta, kuma ta ji wani asibitin kuɗi a bayan makarantarmu yana neman mai ba da kati. In ta samu, za ta zauna a Kano ta ci gaba.

Da na leƙa kwamfutarta, ga gaisuwa, ga sunanta, ga roƙon a taimaka mata saboda Allah. Shi ke nan.

"Ina abin da kika iya?" na tambaye ta.

"Malama, ban iya komai ba."

"Ke da kika fi kowa saurin bugu a ɗakin nan?"

Ta ja hijabi ta rufe baki. "Ni da bakina zan faɗa?"

Raina ya ɓaci, ni kuma ba na iya ɓoye fushi. Ana tashi na nufi gindin mangwaron bakin get, inda direbobi ke shimfiɗa tabarma suna jiran yara. Mahaifinta ya miƙe ya rusuna, dattijo ne siriri mai furfura a gemu. Na ce tunda ita ta kasa, shi ya je asibitin ya yi magana a madadinta, ko ya roƙi Alhaji ya sa baki.

"Malama," ya ce yana kallon ƙasa, "Alhaji ya yi iya yinsa, ba na ƙara buɗe masa baki. Ni kuma, yarinyar nan ta fari ce."

Ba sai ya ƙara ba. Mahaifiyata har ta rasu ba ta taɓa kiran sunan babban yayanmu ba, ko zancensa aka ɗauko sai ta tashi ta shiga kicin. Mutumin da ko sunan 'yarsa ba ya faɗa, shi zai je gaban baƙi yana yabonta? Na san al'adar, na kuma san ba ƙi ba ne, amma duk da haka na dawo ina huci. Ga yarinya za ta rasa dama saboda gidansu babu mai iya cewa ta iya.

Washegari na tsaya gaban aji da sauran fushina.

"Wannan ta ce ba ta iya komai ba. Gaskiya ne?"

Ajin ya kaure. Ɗan gayen nan ne ya fara, ya ce wallahi ba don ita ba da lissafi ya kayar da shi tun bara. Wata mai ciwon asma ta ce duk ranar da abin ya taso mata, ita ce ke zama da ita har numfashinta ya dawo. Aka ce tana jin Fulatanci. Aka ce in ɗan ƙaramin aji ya faɗi ya fasa gwiwa, wajenta ake kai shi kafin ma a nemi malami. Aka ce ba ta taɓa makara ba.

"To kin ji," na ce mata. "Ba ke kika faɗa ba, shaida aka yi miki. Buga."

Ta buga, tana dariya tana share hawaye da gefen hijabi, su kuma sun yi mata rumfa suna gardamar wanne za a sa a gaba. Ban taɓa son wani aji kamar yadda na so su a ranar ba. Tun daga lokacin haka nake koyar da darasin: kowa maƙwabcinsa ne ke faɗar abin da ya iya.

Ta sa takardar a ambulan ta ba mahaifinta ya kai, tunda kullum yana wucewa ta ƙofar asibitin. Sai ga shi ya biyo ta wajena tukuna, wai in karanta masa da Hausa, don kada ya kai abin da bai sani ba. Na karanta masa a tsaye a jikin mota. Har na gama karantawa, tayar motar yake kallo.

"Duk ita ce wannan?"

"Duk ita ce, Baba."

"To," ya ce. "Allah ya shirya." Ya karɓa ya tafi.

Bayan an gama jarrabawa, wata rana ina rufe kwamfutoci, na ji sallama. Shi ne a bakin ƙofa, ya cire takalmi.

"Malama, sun kira yarinyar nan. Litinin za ta fara."

Na yi hamdala, sannan tsokana ta motsa. "Wace yarinya, Baba? Yarana da yawa."

Ya yi murmushi, ya ƙi faɗa. Na ɗauka tafiya zai yi, amma ya tsaya yana murza makullin mota.

"Takardar nan," ya ce, "injin naku zai iya fito da wata?"

"Wani wurin za a kai?"

"A'a. Ajiyewa zan yi."

Na kunna firinta na fitar masa. Bai iya karatun boko ba, amma ya daɗe yana dubanta kafin ya ninke ta a hankali ya sa a aljihun gaba.

"Kada dai ki gaya mata," ya ce.