Saniyata a Gidan Dogarin Alƙali

Ban taɓa son wata dabba kamar yadda na so saniyar da na gada wurin innata ba. Ja ce mai farin goshi, ga taurin kai irin na mutanen gidanmu. Lokacin ina bazawara, da 'yar ɗiyata ɗaya da ban daɗe da yayewa ba, kuma nonon saniyar nan shi ne abincinmu, shi ne sana'ata. Da shi nake dama furar da nake sayar wa fatake a bakin kasuwar Illela. A shekarun nan Nasara ba su jima da kafa alamun iyaka tsakaninmu da Ƙonni ba, wai nan ƙasar Ingilishi, can ta Faransa. Mutane ma ba su gama gane zancen ba, balle shanu.

Wata rana da kaka ta bi wani garke ta haura arewa, ita da ɗan maraƙinta. Na bi sawu, na same ta ɗaure a gidan wani dattijo a ƙauyukan Ƙonni. Ya ce tasa ce da ta ɓace da ciki tun bazara. Na ce tawa ce, kuma ban faɗa da ladabi ba, don bakina a lokacin ba ya da linzami. Da gardama ta ƙi ƙarewa, ya yarda ya jawo ta har gaban alƙalinmu. Ya ce gara wannan da ya tsaya gaban kumandan Faransa.

To, al'adar kotunmu ita ce, dabbar da ake jayayya a kanta ba ta kwana hannun kowa cikin masu shari'a. Gidan dogarin alƙali ake kai ta. Shi zai ciyar da ita, nononta kuma nasa ne, ladan kiwo. Dogarin nan shi ne kuma mai tsaron ƙofar zauren shari'a, ba mai ganin alƙali sai ya ce a shiga. Da saniyata ƙarmasasshiya ce, na tabbata kasuwa ɗaya za a yanke hukunci. Sai aka yi rashin sa'a tana cika ƙwarya safe da yamma.

Alƙalinmu mutumin kirki ne, ga karatu. Amma yana da fadamar albasa a bakin tafkin Kalmalo, kuma rabin zuciyarsa na can. Duk ran kasuwa ni da dattijon mukan zo mu tsaya a ƙofa, dogari ya fito yana sheƙi, kumatu sun cika.

"Malam ya tahi Kalmalo. Ku komo wata kasuwa."

Wata kasuwar kuma ya ce, "Malam shina hutawa."

Abin da ya fi ci mini rai, wurin matar dogarin nake sayen nonon da nake dama fura. Na san ɗanɗanonsa, ita ma ta san na sani. Takan miƙo mini ƙwaryar tana kallon wani wuri. Abin da nake iya saye na fatake ne, ɗiyata sai dai ta lashi ludayi.

Da fari ni da dattijon kowa da gefen da yake zama a gindin tsamiyar kotu. Amma jira yana haɗa zumunci. Wata rana na ga ya taho a ƙasa tun daga ƙauyensu, leɓɓansa sun bushe, na kasa daurewa na dama masa fura. Ya sha ya sa albarka. Daga nan ya zama Baba, na zama ɗiyarsa, har yakan taho wa yarinyata da goruba a aljihu.

Sanyi na ƙarewa ya zo yana dariya tun daga nesa.

"Ɗiyata, ki yahe mini. Tawa ta komo, cikin garken wani Bahillace anka gane ta. Wagga taki ta."

Na tashi na yi guɗa ni kaɗai. Muka je wa dogari da albishir. Ya saurare mu, ya gyara rigarsa ja da kore, ya ce ƙarar da ta shiga gaban alƙali, gaban alƙali ake janye ta. Malam kuwa yana Kalmalo.

Haka muka ci gaba da zuwa kotu, mutum biyu da ba su da gardamar komai. Da Baba ya so, da ya zauna gidansa. Amma ya ce shi ya jawo mini, ba zai bar ni a ƙofa ni kaɗai ba.

Ana cikin zafin bazara sai labari ya zo cewa an aiko wani babban malami daga Sakkwato yana zagaya kotuna, don Nasara sun yi ƙorafi wai shari'u na kwana suna tsami a ƙauyuka. Ran da ya sauka, ƙofar da ta gagare mu ta buɗe wangam. Alƙalinmu na yanke shari'u kamar mai yankan kuɓewa, baƙon na zaune gefe bisa buzu yana kallo. Da aka zo kanmu, Baba ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam, ni dai abin da ni ka son hwaɗi..."

"Dakata, tsoho," in ji alƙali. "Ba sai an ja magana ba. A saki saniya. Dabba ta san gidansu, inda tat tahi nan na gidan mai ita."

Hukuncin da iyayenmu suka sani ke nan, kuma yakan yi daidai. Aka jawo ta tsakiyar fili aka kwance igiya. Jama'a suka dare. Gidana na kudu, hanyar Ƙonni na arewa. Na tsaya ina kiranta a hankali.

Ko kallona ba ta yi ba. Ta kaɗa wutsiya, ta ratsa ta gaban alƙali, maraƙin na biye, ta nufi gidan dogari ta kwanta a bakin turkenta tana tuƙa.

Wani ya fara dariya, sai fili duka ya ɗauka. Ni ma da nake shirin kuka na tsinci kaina ina riƙe ciki. Baƙon ya bari aka lafa, sannan ya dubi dogari.

"To, ga hukunci ya hito, kai ka da saniya. Tun yaushe ta ka gidanka?"

Dogari ya ce bai riƙe ba. Mata daga bayan fili suka taya shi tunawa: tun ana yankan gero. Nan aka bar Baba ya ƙarasa maganarsa, ya faɗi komai tiryan-tiryan.

Baƙon bai ɗaga murya ba. Ya ce wa alƙali albasa ba ta kawo ƙara, mutane ke kawowa, don haka ba shi ba Kalmalo sai ya gama duk shari'ar da ke jira, kuma in aka sake jin irin wannan, rawaninsa zai yi tafiya Sakkwato ba tare da shi ba. Ya hana a ƙara ba mai tsaron ƙofa ajiyar dabba. Dogari kuwa aka cire masa rigar a gaban jama'a, aka ce ya riƙa kawo harawa gidana a kansa har ciyawa ta fito. Ya kuwa kawo. Nakan yi masa sannu da aiki, in ce ya komo gobe.

Yammacin nan ni na ja igiyar saniyata, Baba na kora, tsohon dogari na turawa ta baya, don ba ta yi niyyar barin gidan da ta saba ba. Yaran unguwa da mata suka raka mu har ƙofa.

Da gari ya waye na ɗauki ƙwarya na tsuguna gefenta. Ta kai mini shuri. Na saki maraƙin ya ɗan tsotsa, na janye shi, na sake gwadawa, ta riƙe nononta tsam, fuskarta na kallon ƙofa. Raina ya sosu, na jingina goshina a cikinta ina yi mata faɗa kamar yadda innata kan yi. Na ce ke ja'ira, ni ce fa. Ta juyo ta shinshina kafaɗata ta daɗe. Sai na ji hantsar ta saki a hannuna.

Ranar fatake ba su ga fura ba. Na zaunar da ɗiyata bisa cinyata, na riƙe mata ƙwaryar da hannu biyu, ta sha har ta ture da kanta.