Ruwan Kwata da Amsar Jaje

A shekarata ta ƙarshe a jami'a ina zaune ne a Al Qusais, wata unguwa a ƙasar Larabawan da na je karatu, a hawan ƙasa na wani tsohon gini. Wanda ya kama hayar gidan wani Alhaji ne ɗan Nijar, mutumin Damagaram, mai sayar da kayan waya a Deira. Sunansa ne kaɗai a takardar haya. Ya sa an raba falon gida biyu da katako, rabi nawa ne ni da wani Bakano mai aiki a kamfanin kago, wato masu jigilar kaya, ɗaya rabin na 'yan kasuwa ne masu zuwa suna tafiya. Kowa ya san hukuma ba ta yarda da irin wannan rabon ɗaki ba, kuma ba wanda ke maganar.

Ba ni da gado mai ƙafa. Katifa ce a ƙasa, littattafaina a jere jikin bango, kwamfutata kuwa a gefen matashi nake barinta duk ranar da ba na bukatarta a aji. A cikinta aikin kammala karatuna yake, saura babi ɗaya da gyare-gyare. Bakanon kuwa da Farfesa yake kirana. Yakan ce ranar da gobara ta tashi shi fasfo zai ɗauka ya gudu, ni kuma za a tarar ina jera littattafai daga dogo zuwa gajere.

Ranar da abin ya faru ina da jarrabawa, shi ya sa na fita da biro kawai. Ina fitowa daga aji na ga kiran Bakanon.

"Farfesa, in kana da kwalekwale ka taho da shi."

"Me ya faru?"

"Kwata ce ta kawo mana ziyara. Yalla, maza taho dai."

Ashe ma'aikatan kamfanin da ke kula da ruwa da magudanan unguwar ne suka zo wanke babban bututun titinmu da injin mai ƙarfi. Maimakon ƙazantar ta yi gaba, sai ta juyo ta fito ta ramin banɗaki da na kicin, ta bi ƙarƙashin katako ta mamaye falon. Mu ne a ƙasa, mu kaɗai ta samu.

Kafin metiro, jirgin ƙasan cikin gari, ya kawo ni, an gama aikin. Alhaji ya ce najasa ba za ta kai La'asar a gidan da ake salla ba. Sun jidi katifu da dardumomi sun kai bola, sun wanke tayil da omo da ruwan zafi har sau ba adadi, sun tattara littattafaina cikin baƙaƙen ledoji. Kwamfutar an goge ta an ɗora a taga. Na danna, ba ta ce komai ba. Na tambayi Bakanon a hankali ko wani ya ɗauki hoto kafin a wanke. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Hoton me? Hoton kashi? Ka ajiye a wayar da kake karatun Alƙur'ani da ita?"

Ana cikin haka mutumin kamfanin ya iso. Dattijo ne mai ladabi, riƙe da 'yar kwamfutar hannu. Ya yi sallama, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya shigo ɗakin da tayil ɗinsa ke ƙyalli, turaren wuta na tashi. Ya ce wa Alhaji salamat, ya ce Allah ya tsare gaba, sannan ya tambaya da Larabci ko ɓarnar da yawa.

Alhaji ya dafa ƙirji ya ce, "Alhamdulillah. Shwaiya, shwaiya."

Duk Bahaushen da ya ji wannan ya san abin da ake nufi. A gida ko rumfarka ce ta ƙone ƙurmus, in aka zo jaje aka ce ya asarar, da sauƙi za ka ce. Mai jinya ma da ba ya iya ɗaga kai da sauƙi yake cewa. Alhaji ya nemi da sauƙi a Larabcinsa na kasuwa, abin da ya samu ke nan: kaɗan. Ina tsaye a bayansa da leda a hannu, ruwa na ɗiga daga gindinta. Na ga yatsan mutumin yana taɓa allon. Na buɗe baki, sai na tuna babba ne ke magana da baƙo. Aka kawo shayi, ya kurɓa, ya yi godiya, ya sa takalminsa.

Washegari na je wurin mai gadin ginin, ya kira mini ofishin mai gini. Suka ce inshorarsu ta bango ce da bututu, abin da ke cikin ɗaki kuwa sai wanda ya yi inshorar kayan ɗaki. Ranar na fara jin akwai irin wannan. Da na faɗa wa Bakanon sai ya ce mu ai inshorarmu addu'ar fita daga gida ce, kuma da alama ranar na manta ban karanta ba. Hanya ɗaya ta rage mini, kamfanin da ya yi ɓarnar ya biya diyya. Ba ni da abin sayen wata kwamfutar, gida kuma na san yadda aka yi aka haɗa kuɗin makarantar. In ban miƙa aikin a wannan zangon ba, bizata za ta ƙare ina ɗalibin da bai gama ba.

Ofishinsu yana Al Khabaisi. Na je da kwamfutar a jaka, da hotunan littattafan da na ɗauka ɗaya bayan ɗaya, kowanne da bangonsa a kumbure. A hanya na yi ta maimaita abin da zan faɗa da Turanci don kada murya ta ƙi fita. Matar da ke kan tebur ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Ta ce kamfanin bai musa laifinsa ba. Sannan ta juyo mini da allon kwamfutarta ta nuna rahoton ma'aikacinsu: an tarar da gida a tsabtace, mai haya ya ce ɓarna kaɗan ce, an rufe batun.

Na ce ba haka yake nufi ba.

"Bai ce shwaiya ba?"

"Ya ce."

"To ya ce kaɗan amma yana nufin da yawa?"

"Yana nufin ya gode wa Allah."

Ta dube ni. Ban ga raini a idonta ba, ƙoƙari take ta gane. Na so in yi mata bayanin jaje, yadda ake zuwa, yadda ake amsawa, yadda wanda ya tsaya lissafa asararsa a gaban mai jaje yake zama abin kunya. Turancin da na yi shekaru ina rubuta jarrabawa da shi ya ƙi ɗaukar maganar. Abin da ya fito kawai shi ne, a wurinmu haka ake cewa.

Ta ce akwai mafita. Mai sunan da ke takardar haya ya zo da kansa ya gyara maganarsa, sai a sake tura ma'aikaci ya duba inda kayan suke a lokacin, ya auna, ya ɗauki hoto. Kayan da suka rage ma kada a zubar. Ta jawo allon gabanta ta ce, "Kai a wane ɗaki kake kwana?"

Na ce zan dawo.

Ledojin na kai su bayan gida, wani lungu kusa da injin na'urar sanyaya ɗaki. Zafin garin ya dafa su. Ba a yi mako ba wari ya fara shigowa ta taga, takardun suka manne suka yi baƙi. Ba na iya buɗe su, ba na iya zubar da su. Bakanon ya ce ilmi dai ya taɓa jin yana da amfani, bai taɓa sanin yana da wari ba. Kullum bayan aji ina ɗakin karatu na makaranta ina jiran wani ya tashi daga kwamfuta, ina lallaɓa wani tsohon kwafi da na taɓa tura wa malamina, wanda bai kai rabin aikin ba.

Sai ranar wata Juma'a, bayan mun ci abinci, na samu na yi wa Alhaji magana. Na zauna nesa kaɗan, na fara da ba shi haƙuri.

"Bon," ya ce da Faransancinsa. "Ɗana, mutum ya zo har gida ya yi mini jaje. Me kake so in ce masa? In fashe da kuka?"

"Alhaji, ba jaje ya zo ba. Rubutawa yake yi."

"Har takalmi fa ya cire."

"Haka ne, Alhaji."

"To yanzu in tashi in je in ce wa mace a ofis wai Alhamdulillahin da na yi kuskure ne, a goge?"

Bakanon ya ce, "A'a Alhaji, Alhamdulillahin a bar shi, shwaiyar za a ɗan ƙara wa kumari."

Alhaji bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa katakon da ke bayana.

"D'accord, na je. Sun turo mai awo. Ya ga wannan. Tara za a ci ni, wannan da sauƙi, ni na yi. Amma za a ce a cire. Kai ina za ka kwana? Shi fa? Waɗancan bayin Allah da ke zuwa sayen kaya fa?"

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma abin da nake nema ma haƙƙina ne. Na yi kwanaki ina juya maganar a metiro, ina neman hanyar da ma'aikaci zai ga inda katifata take ba tare da ya ga bangon da ke gefenta ba. Na sake komawa ofishin sau ɗaya, na karɓi lambar layi, na zauna. Da aka kira lambar ban tashi ba. Aka sake kira, aka wuce ta gaba.

Bayan 'yan kwanaki Alhaji ya dawo daga shago da wani abu a naɗe cikin tawul. Ya ajiye a kan sabuwar katifata.

"Voilà. Tsohuwa ce, amma tana aiki. Da ita nake tura wa mutanen Yamai saƙo kafin in koma waya. Ka gama bokonka. Maganar ofis kuma khalas, ta ƙare."

Na sa hannu biyu na karɓa, na yi godiya yadda ya kamata. Na san wanda ya karɓi wannan ba zai sake tada zancen ba. Da yamma Bakanon ya toshe hanci da rawani ya taya ni jidar ledojin zuwa bola, yana yi wa kowacce addu'ar bankwana.

Da na dawo na wanke hannu na kunna kwamfutar. Ta daɗe tana gurnani kafin ta buɗe. Na fara rubuta kan babin farko cikin waɗanda suka ɓace, sai na ga shirme a allon. Madannanta na Faransanci ne, haruffan ba sa inda yatsuna suka san su. Duk inda na nemi a, q ke fitowa. Na goge, na sunkuyar da kai ina duba maɓallan ɗaya-ɗaya, na sake farawa daga layin farko.