Dokar Kawu Sambo da Na Soke

Shekara tara ke nan da rasuwar Kawu Sambo, ƙanin mahaifiyata, mai riƙe da majalisar dara a gindin tsamiyar bayan tashar Kiyawa. Allah Ya jiƙansa. Makiyayi ne da ƙafa ta gaza ya zauna a gari, kuma yadda ya san halin saniya haka ya san halin mutum.

Dokarsa ɗaya ce, kuma haushi take ba ni. Wanda ya ci sau biyu a jere, zai shiga wasa na uku da 'ya'ya goma, abokin karawarsa na da sha biyu. Ni na fi kowa hannu, don haka kullum ni ake rage wa. Ranar da na yi ƙorafi ya ce, "Ɗana, ba cin ne ke kawo mutum nan ba. Ganin zai iya ci ne."

Ko sadakar arba'in ba a yi ba na soke dokar. Na ce gwani gwani ne, kowa ya ji da kansa. Wata uku ina lallasa dattawa ina washe baki. Babu wanda ya yi faɗa da ni. Wannan ya ce gona, wancan ya ce ciwon baya, har majalisa ta koma daga ni sai Malam Hadi, tsohon malamin firamare. Na maido da dokar, amma babu wanda ya dawo.

Yanzu masu keke ne ke fakawa a inuwar, kowa kansa a kan waya. Ɗaya ya gaya mini cewa in ka sha kashi da yawa a wasan waya, sai a haɗa ka da rago don kada ka yi zuciya ka daina. Ashe dabarar Kawu ce. Da yana nan, ban san ko dariya zai yi ba, ganin abin da ya tara mutane da shi yau yana raba su. In na gayyace su dara, sai su ce to, Baba, su ci gaba da danne-danne.

Watan jiya na ga Malam Hadi ya fara ɗauke ƙafa, tsoro ya kama ni. Da gangan na buɗe masa gida ya ci. Ya daɗe yana kallona, sannan ya karkaɗe riga ya miƙe.

"Shekara ashirin kawunka yana bari in ci, ban gane ba sai da ya mutu," in ji shi. "Kai ko wannan ba ka iya ba."

Bai sake zuwa ba.